Darasi: Tsutsar da ke Cikin Ganyen Tumatir

Ku tsinko ganyen tumatir mai farin tabo, ku ɗaga shi ku duba ta wajen hasken rana. Wurin tabon ya yi shara-shara kamar leda. A ciki za ku ga ɗigo-ɗigon baƙin kashi, wani lokaci har da 'yar tsutsa tana motsi. Ganye yana da fata biyu, ta sama da ta ƙasa. Tsutsar tana shiga tsakaninsu ta cinye koren naman, ta bar fatar kawai. Masana suna kiran wannan ƙwaro Tuta absoluta.

Uwar tsutsar 'yar ƙaramar ƙwaro ce mai fiffike, launin toka-toka, tsawonta bai wuce milimita 7 ba. Da rana tana laɓewa cikin ganye, sai magariba ta fito. Mace ɗaya tana iya zuba ƙwai kusan 260. Bayan kwana 4 zuwa 6 ƙwan yakan ƙyanƙyashe, tsutsar ta huda ganye nan take ta shige. Takan yi kamar mako biyu tana ci. Da farko fara-fara ce, daga baya ta koma kore, har ta yi ja-ja. Idan ta ƙoshi, galibi sai ta faɗo ƙasa ta naɗe kanta, ta kwanta kamar kwana 10, sannan ta fito da fiffike. Lokacin zafi duk wannan bai fi wata guda ba, don haka a shekara ana iya samun zuriya 10 zuwa 12.

Wannan ne ya sa feshi yake ba manomi kunya. Magani yana sauka a bayan ganye, ita kuwa tana ciki abinta. Ga shi kuma in an nace wa magani iri ɗaya, sai ta saba da shi. Abin tausayi ne mutum ya zuba kuɗinsa da guminsa, gona ta bushe kamar an yi mata gobara.

Asalinta Kudancin Amurka ne; a Peru aka samo wadda masana suka fara rubuta bayaninta a 1917. Ta shiga Sifen a 2006, ta bazu a Turai da Arewacin Afirka, ta kai Indiya a 2014. A 2016 ɓarnarta ta sa Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci kan tumatir. Nisan tafiyar nan ba da fiffikenta kaɗai ta yi ba. Cikin dashe da kwanduna da 'ya'yan tumatir ake ɗaukarta. Tana cin dankalin Turawa da yalo ma.

Aikin yi: Ku zaga shukarku sau biyu a mako, ku riƙa juya ganye. Wanda ya kamu ku tsinke ku binne da zurfi ko ku ƙona. Bayan girbi kada ku bar karan a gona. Ku rubuta ranar da kuka fara ganin tabo, da yawan ganyen da kuka cire, ku zo da shi aji.