Yadda ake gane cin zali tsakanin ɗalibai da yadda ake shawo kansa

Matakin farko shi ne bambance cin zali da faɗan yara na yau da kullum. Masanin halayyar ɗan Adam Dan Olweus, wanda ya fara nazarin lamarin a Suwidin tun shekarun 1970, ya kawo alamomi uku: cutarwa ce da gangan, ana maimaita ta, kuma mai yin ta ya fi wanda ake yi wa ƙarfi, ko na jiki ko na yawan magoya baya. Idan tsara biyu suka yi cacar baki suka shirya, faɗa ne. Amma idan kullum yaro guda ake laƙaba wa sunan banza, ana ƙwace masa littafi, ana hana kowa zama kusa da shi, to an shiga cin zali. Rahoton UNESCO, hukumar ilimi, kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, na 2019 ya nuna cewa kusan ɗalibi ɗaya cikin uku ya fuskanci hakan a watan da ya gabaci binciken.

Daga nan sai a sa ido, domin ba kasafai yaro ke faɗa da bakinsa ba. Ciwon cikin da ke tasowa da safiyar ranar makaranta ya ɓace ranar hutu, ko maɓallin riga da ke tsinkewa a kai a kai, ko kife waya da sauri idan saƙo ya shigo, duk sun isa a zauna da shi.

Idan ya buɗe baki, a saurare shi har ya gama, kada a tambaye shi abin da ya yi wa masu cin zalinsa, kada kuma a ce ya je ya rama. A rubuta rana da wuri da waɗanda suka gani, sannan a ɗauki hoton saƙonnin waya kafin a goge su.

Da wannan rubutu za a je wurin malamin aji, in abin ya faskara a wuce ga shugaban makaranta, a nemi sanin matakin da za a ɗauka da ranar da za a sake zama. A ganina babban kuskure ne a haɗa yaran biyu a ce su gaisa su yafe wa juna, domin hakan yana mayar da zalunci tamkar saɓani tsakanin tsara, kuma wanda aka cuta zai amsa da baki ne kawai saboda tsoro. Kowanne a gan shi daban. Haka kuma a yi magana da 'yan kallo, tunda dariyarsu ce ke ƙara wa mai cin zali ƙarfin gwiwa. A kan wannan ne aka gina KiVa, shirin yaƙi da cin zali a makarantu na Jami'ar Turku da ke Finlan.

Bayan mako biyu a sake tambayar yaron ko abin ya tsaya, ko kuwa ya koma inda idon malamai ba ya kaiwa, kamar bayan ajujuwa da hanyar komawa gida.