Yadda ake kalduni irin na Tatar ɗin Belarus

Kalduni abincin ƙasar Belarus ne, can gabashin Turai tsakanin Poland da Rasha. Kwaɓin fulawa ne ake murzawa a ƙunsa nama a ciki a dafa a romo. Akwai kuma na dankali wanda ake gurza dankalin turawa a sa nama a tsakiya a soya, don mutanen nan akwai son dankali, har maƙwabtansu na ce musu bulbashi saboda bulba shi ne dankali a yarensu. Amma ni na Tatar zan koya muku, shi ya fi kwanta min a rai. Su Tatar ɗin nan Musulmi ne da suka zauna a yankin tun ƙarshen ƙarni na 14 zamanin Vitautas sarkin Lithuania, har yau suna da masallatan katako a garuruwa irin Iwye da Navahrudak, to a gidajen da ba na Musulmi ba sau da yawa da naman alade ake yi, su kuma da rago ko na sa.

Kwaɓin ba wuya. Fulawa kofi 2, ƙwai 1, gishiri kaɗan, ruwa kamar rabin kofi, a murza sosai har ya daina kama hannu sai a rufe a bar shi minti 30 ya huta. Ba yis ba bakin foda, kar a sa komai.

Naman dai shi ne maganar. Rabin kilo na rago mai ɗan kitse, kuma don Allah kar a cire kitsen nan don shi ne zai narke ya zama romon da ke ciki, in aka yi da zallar tsoka abin zai fito a bushe kamar ba shi ba. Da wuƙa ake daddatsa shi ƙanana ƙanana, ya fi na inji, sai a goga albasa 1 babba, tafarnuwa, masoro, gishiri da busasshen ganyen majoram wanda shi ne ƙamshin kalduni na asali, a zuba ruwan sanyi cokali 3 ko 4 a cakuɗa da hannu har naman ya shanye. Ɗanye ake sa shi a ciki fa, ba a soyawa, wannan ne bambancinsa da cikin samosa.

A murza kwaɓin yai siriri, a dinga yankawa da bakin kofin gilashi, a ɗora nama ƙaramin cokali a tsakiya a ninke a matse bakin da yatsa sosai, in fulawa ta yi yawa ya ƙi kamawa a ɗan shafa ruwa. Nan ne aikin yake da cin lokaci shi ya sa a can ba aikin mutum ɗaya ba ne, ana zagaye tebur ne wata na murzawa wata na yanka yara na zuba nama kaka na duba bakin kowanne, ana yi ana hira har tire ya cika. Ranar biki ko hutu aka fi yi, Tatar su yi da Sallah, Kiristoci kuma lokacin azuminsu da ba sa cin nama sai su cusa naman kaza na tsiro, wato mushroom, a ciki.

Tun kafin a fara ƙunsawa ya kamata a ɗora romon ƙashi. In ya tafasa a rage wuta a zuba su kaɗan kaɗan, a juya a hankali kar su kama ƙasan tukunya, in suka taso sama a ƙara musu minti 5 zuwa 7. Wuta mai ƙarfi fasa su take yi. Waɗanda ba a dafa ba a jera su a tire a sa a firiza, sai sun daskare a juye a leda.

A zuba a kwano da romonsa da zafi, wasu na ɗora kirim mai tsami da suke kira smetana. Da cokali ake ci, ba a yankawa ba a soka cokali mai yatsu, guda ɗaya ake ɗauka a kai baki gaba ɗaya don romon ya fashe a ciki, saboda haka tun wajen yankan kwaɓin a zaɓi kofi mai ƙaramin baki.