Yadda Ake Auna Ruɓewar Leda a Ɗakin Gwaji

Tun da gwamnatin Legas ta haramta kwanukan soso na zuba abinci a watan Janairun 2024, ɗalibai ke kawo mini ledojin da aka rubuta musu cewa suna ruɓewa, kuma yawancinsu sun ɗauka cewa da leda ta farfashe cikin ƙasa magana ta ƙare. Farfashewa daban, ruɓewa daban. Shaidar ruɓewa ita ce iskar kabon dayoksaid da ƙananan halittu irin su bakteriya ke fitarwa idan sun cinye ledar, kuma ita ake aunawa a ƙa'idar gwaji ta ƙasa da ƙasa mai suna ISO 14855.

Da farko a tankaɗe nunannen takin shara, a daidaita laimarsa zuwa kusan kashi 50 cikin ɗari, sannan a haɗa kashi 6 na taki da kashi 1 na yankakkiyar leda, bisa busasshen nauyi. A tanadi kwalabe tara: uku na leda, uku na garin selulos, wato sinadarin jikin tsirrai da ake yin takarda da shi, domin gwada ƙarfin takin, uku na taki zalla. Duka a ajiye su cikin duhu a zafin digiri 58. Kada a fara sai da inbata, domin ɗauke wuta na kwana guda yana sanyaya takin.

Kwalaben taki zalla su ne inda masu koyo ke faɗuwa. Taki da kansa yana numfashi, saboda haka abin da ya fitar dole a cire shi daga lissafi. Wata ɗaliba ta taɓa rage su zuwa ɗaya domin tsimin sinadari, ashe murfin wannan ɗayar yana yoyo. Iskar ta zurare, lissafinta ya nuna ledar ta ruɓe fiye da ɗari bisa ɗari, aikin wata biyu ya tafi a banza. Tun daga ranar nake shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗar tiyo kafin a rufe, kumfa ta tashi a sake ɗauri. Iskar da za a hura cikin kwalaben ma sai ta ratsa ruwan soda, irin na haɗa sabulu (NaOH), tukuna, ta bar kabon dayoksaid ɗinta a can.

Iskar da ta fito a kama ta cikin sabon ruwan soda, a auna da asid ɗin HCl, kullum a makon farko. Ana samun soda a kasuwar sinadarai ta Ojota da ke Legas, amma a tabbatar da ƙarfinsa kafin amfani.

Lissafin kuwa, giram 10 na ledar PLA, wadda ake yi daga tsirrai kamar masara, rabinsa kabon ne, kuma kowane giram 12 na kabon yana ba da giram 44 na kabon dayoksaid, don haka a ninka 5 da 44 a raba da 12, giram 18.3 na iskar ke nan idan ta ruɓe ƙurmus. Idan ruɓewar selulos ba ta wuce kashi 70 cikin ɗari ba cikin kwana 45, a zubar a sake. Mai son ganin asid ɗin laktik da PLA ke fara narkewa zuwa gare shi ya tace ruwan takin ya kai na'urar HPLC mai rarrabe sinadaran da ke cikin ruwa.