Maikro-RNA da saƙon kalsiyam a tsirrai: inda ƙannenmu ke tuntuɓe

Duk ƙarshen zangon karatu, ƙannenmu na Aboabo da Asawasi masu karatun kimiyyar tsirrai a nan Kumasi sukan kawo min takardunsu in duba kafin su miƙa. Masu rubutu kan maikro-RNA (ƴan guntayen RNA da ke rage aikin wasu ƙwayoyin gado) da kalsiyam kusan a ramuka iri ɗaya suke faɗawa.

Na farko mai sauƙi ne. Wani ya rubuta shafi guda kan ruɓewar gindin tumatir irin wadda manoman Akumadan ke kuka da ita. Wannan maganar kalsiyam ne a matsayin abincin shuka. Saƙo daban yake: a cikin ruwan ƙwayar halitta kalsiyam kaɗan ne ƙwarai, kimanin nanomola 100, sai gishiri ko fari ko sanyi ya taɓa shukar ya yi tsalle ya sauka. Tsallen nan ne furotin irin su kalmodulin, CDPK da CBL ke karantawa. Ka raba biyun tun a gabatarwa.

Sai masu kwaso bayanin dabbobi su liƙa wa tsirrai. Na gane dalili: a jikin wata ƴar tsutsa aka fara gano maikro-RNA a 1993, aikin da ya kai Victor Ambros da Gary Ruvkun ga kyautar Nobel a 2024, na tsirrai kuwa sai a 2002 aka bayyana su. To amma shuka ba ta da Drosha, furotin da ke fara yanko maikro-RNA a jikin dabbobi. A shuka furotin DCL1 ne ke yankan, HEN1 ya kare bakin guntun da aka yanko, AGO1 ya ɗauke shi, kuma maikro-RNA ɗin, mai haruffa wajen 21, yakan dace da RNA ɗin da yake hari kusan baki ɗaya, a datse wannan RNA daidai tsakanin harafi na 10 da na 11 na maikro-RNA ɗin.

Babban ramin shi ne wannan. Yaro ya zuba jerin haruffa a psRNATarget, manhajar da ke hasashen abin da maikro-RNA ke hari, kwamfuta ta fito masa da sunan wani CIPK (furotin da ke aiki tare da CBL), sai ya rubuta cewa maikro-RNA kaza "yana sarrafa" shi. Ina! Kwamfuta zato ta yi, kamar a ga mutum biyu sanye da yadi iri ɗaya ranar Sallah a ce ƴan gida ɗaya ne. Shaida ita ce a nuna wurin yankan da gwajin RLM-RACE ko bayanan digradom (hanyoyin gano inda aka datse RNA), sannan a ga abin da ya canza a jikin shukar. Haka aka yi wa miR4376 na tumatir a 2011: an nuna yana datse RNA ɗin ACA10, famfon da ke fitar da kalsiyam, kuma da aka dagula tsakaninsu fure da ƴaƴa suka samu matsala. In ba ka da irin wannan shaida, rubuta "ana hasashen". Ba a rage maki don wannan, malam ma ya fi yarda da kai.

Kan juyin halitta kuma, kada ka ce alaƙar maikro-RNA da masu karanta kalsiyam tana nan tun fil azal a kowace shuka. Tsofaffin dangi kamar miR156 da miR166, waɗanda ake samu har a gansakuka, galibi furotin masu kunna ƙwayoyin gado suke hari, irin su SPL da HD-ZIP III. Maikro-RNA da yawa sababbi ne, na dangin shuka ɗaya, suna fitowa suna ɓacewa. Su kansu masu karanta kalsiyam sun yaɗu ta hanyar ninkuwar ƙwayoyin gado: Arabidopsis, ƴar shukar da aka fi yin bincike da ita, na da CDPK 34, CBL 10, CIPK 26. Bayan ninkuwa, kwafi ɗaya na iya riƙe gurbin da maikro-RNA ke kamawa, ɗan'uwansa ya rasa shi. Saboda haka abin da ka gani a tumatir kada ka ɗora wa rogo ko koko sai ka jera ƙwayoyin gadon ka duba gurbin da idonka.

Wata ƙanwata ta tambaye ni ko ta sa Chlamydomonas, wani koren tsiron ruwa mai ƙwayar halitta ɗaya, a bishiyar dangantakar da ta zana. Na ce ta sa, amma ta sani nasa maikro-RNA, da aka gano a 2007, ba su da dangi a tsirran tudu.