Gem ɗinka na tsaga hoto ko yana ba ka baƙin sikirin? Duba waɗannan kafin ka kai wa mai gyara

Shekaranjiya ƙanina ya taso tun daga Pantami da laftof a hammata, wai Yaya katin hoto (ɓangaren kwamfuta da ke zana hoton sikirin) ya mutu sai an sake Windows. Na ce buɗe mu gani. PES 2017 ne, 'yan wasan duk sun yi faɗi kamar an zauna musu, ƙwallon ma ta koma kamar ƙwai. Ko minti biyar ba mu yi ba aka gama, ashe abokinsa ne ya taɓa settings.exe da ke cikin foldar gem ɗin ya sa 4:3 alhali sikirin ɗin 16:9 ne. Yawancin laftof ɗin hannu da muke saye rezolushan ɗinsu, wato yawan ɗigon hoton sikirin, 1366x768 ne, wasu 1920x1080, ka danna dama a fuskar kwamfuta ka shiga Display settings ka ga naka, shi za ka sa wa gem ɗin.

Abin da nake so kowa ya fara yi kuwa shi ne gano daga ina ciwon yake, don mutane da sun ga layi-layi ko ɗigo-ɗigo kore da ja sai su ce kwamfuta ta lalace. Ɗauki hoton sikirin lokacin da abin yake faruwa, Windows da PrtSc tare, in a Steam ne F12, sai ka tura hoton wayarka ka kalla a can. In layukan sun fito a wayar to matsalar daga ciki take, gem ne ko direba (manhajar da ke tafiyar da katin) ko katin kansa. In hoton ya fito fes, to sikirin ɗin ne ko kebul ɗin da ke kai masa hoto, ka canza kebul ɗin HDMI, in laftof ne ka ɗan motsa murfin a hankali ka ga ko layukan na canzawa, don siririyar wayar da ke bi ta wuyan murfin tana gajiya.

Banda tsagewar hoto fa, wanda za ka ga rabin sama ya goce wa rabin ƙasa in kana juya kyamara. Shi ba ya fita a hoton da ka ɗauka kuma ba lalacewa ba ce, katin ne ke turo hotuna ba daidai da bugun sikirin ba, wanda galibi sau 60 ne a daƙiƙa. Kunna V-Sync a saitin hoton gem ɗin shike nan.

Baƙin sikirin kuma, kana jin sauti amma ba hoto, gwada Alt da Enter ya koma ƙaramar taga. In ya ƙi, Windows, Ctrl, Shift da B tare, za ka ji ɗan ƙara sikirin ya yi ƙifta, direban hoto ne ya sake tashi. In kuma kai ne ka sa rezolushan ɗin da ya fi ƙarfin sikirin har ba ka iya ganin inda za ka gyara, je Documents ka goge fayil ɗin saitin, gem ɗin zai ƙirƙiro sabo da kansa. A GTA San Andreas sunansa gta_sa.set, a GTA V kuma settings.xml. Kar dai ka haɗa da fayil ɗin da ka ajiye wasanka, ka zo kana kuka.

Yanzu ga wanda ya fi damunmu a Gombe, zafi. Gem ya fara lafiya lau, bayan minti ashirin sai ya fara cijewa, fanka na ihu kamar injin markaɗe, ƙasan laftof ba ya taɓuwa. A watan Maris da Afrilu kam ba a magana, ga ƙurar hunturu da ta riga ta cika cikin fankar ta yi kamar auduga, sannan mutum ya ɗora shi a kan katifa ko cinya ya toshe inda iska ke shiga, ya ce wai bai san me ya faru ba. Sa manhajar MSI Afterburner ka ga zafin, in kana ganin yana kusantar 90 to na'urar da kanta take rage gudu don kar ta ƙone. Ɗora shi a tebur, ɗaga bayansa da ɗan katako, a bushe ƙurar, in ya shekara uku ko huɗu ba a buɗe ba a canza masa man sanyin da ke kan furosesa. Nan ne kawai nake yarda a biya mai gyara.

Haka in an ɗauke wuta ka ga gem ya koma tafiyar hawainiya, ba aljanu ba ne, a kan batir laftof na rage wa katin ƙarfi. Da caja ake buga gem. Kuma masu kati biyu, Intel da NVIDIA, sau da yawa gem na hawa ƙaramin ne, shiga Display, sai Graphics, zaɓi gem ɗin ka sa masa High performance.

Direba na sa shi a baya da gangan saboda data. Rubuta dxdiag a wurin bincike na Windows ka ga sunan katinka, ka sauke direban daga shafin NVIDIA, AMD ko Intel kai tsaye, ba waɗannan manhajojin masu alƙawarin sabunta komai ba. In kuma gem na ƙorafin babu d3dx9_43.dll, tsohon DirectX na Yunin 2010 yake nema, yana shafin Microsoft, kar ka je sauke fayil ɗin shi kaɗai a wani lungu.

In hanyoyi da gine-gine na ɓacewa a GTA V, kalli layin da ke nuna ma'ajiyar katin a saitin hoto, in ya wuce iyaka ka mayar da Texture Quality zuwa Normal, ka kashe MSAA, ka rage inuwa.

To amma in ɗigo-ɗigon na fitowa tun daga tambarin kamfani lokacin kunnawa, kafin Windows ya tashi, kuma ka jona talabijin can ma suna nan, wannan kam katin ne, kuma sake Windows sau goma ba zai taɓa shi ba.