Kurakuran da ake yi wajen tantance babbar lamba, mu ɗauki 4,294,967,297

Wannan lambar nake yawan ba yara a lesin in ce su gano ko akwai wata lamba da ke raba ta, kusan kowa kuskure yake yi, shi yasa nace bari na rubuta.

Babban kuskuren shine da an ga lamba mara ce sai a yanke hukunci ai firam namba ce, wato wadda ba ta rabuwa sai da 1 da kanta. To 91 ma mara ce amma 7 sau 13 ce. Ita kuwa 4,294,967,297 ta ci manya, don Fermat, masanin lissafi ɗan Faransa, tun wajen 1640 ya lura idan ka ninka 2 da kanta sau 1, 2, 4, 8, 16 ka ƙara ɗaya kana samun 3, 5, 17, 257, 65,537 duk firam, sai ya ɗauka na sau 32 ma haka zai zama, ba a gano ba sai 1732 da wani masanin lissafi Euler ya nuna 641 sau 6,700,417 ce cif cif. Misali biyar sun yi daidai, na shida ya watse. Kar ka yarda da tsari don ya maimaitu, raba ka gani da idonka.

Sai masu gajiya da wuri. Yaro ya gwada 2 bata shiga, ya tara lambobin ya samu 59 yaga 3 bata raba shi, ƙarshenta ba 0 ba 5, shikenan ya rufe littafi. Malam waɗannan dabarun ƙananan lambobi kawai suke kamawa, 641 tana can gaba. Wasu kuma akasin haka, suna zaton sai sun gwada har rabin lambar, sama da biliyan biyu, alhali iyakarka shine sikwaya rut, wato lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka lambarka, nan bai wuce 65,536 ba, kuma firam kaɗai zaka gwada a ciki. In akwai mai rabata dole ɗaya ta faɗo ƙasa da wannan iyakar.

Batun ko cikakkiyar sikwaya ce, wato sakamakon ninka wata lamba da kanta, ba sai ka taɓa kalkuleta ba, sikwaya bata ƙarewa da 2, 3, 7 ko 8. Amma ƙarewa da 6 ko 9 ba hujja bace, 26 ai ba sikwaya bace. Maƙwabciyarta 4,294,967,296 ita kam 65,536 sau 65,536 ce.

Abin da yafi ɓata min rai shine yarda da na'ura ido rufe. Manhajar Excel lambobi 15 na farko take riƙewa, sauran ta maida su sifili, sai kaga lamba mara ta koma cika kai baka sani ba. In lambarka ta wuce haka buɗe Python, yaren shirya manhajar kwamfuta, ka nemi ragowar rabawar da alamar %, in ta baka 0 to ta rabu.

Kuma don Allah a daina sa 1 a cikin firam, mai rabata guda ɗaya ce tak, firam kuwa biyu take buƙata.