Yadda ɗan jarida zai tantance saƙon WhatsApp kafin ya yaɗa shi

Da damina, duk mai aikin jarida a Yamai ya san yadda salula ke cika da hotunan ambaliya. Wannan ya ce unguwar Harobanda ce, wancan ya rantse unguwar Saga ce, kowa kuma yana jiran ka sa a shafinka. Ga yadda nake bi da irin wannan saƙo kafin ya kai bakin makirfo.

Fara da wanda ya turo maka. Ka tambaye shi: da idonka ka gani, ko turo maka aka yi? Galibi zai ce a wani gurup ya tsinta. To, nemi lambar wanda ya sa shi a gurup ɗin, ka kira, ka yi ta bin sawu har ka iske wanda ƙafarsa ta taka wurin. In sawun ya ɓace a "an ce", hirar fada ce a hannunka, a bar ta wajen shayi. WhatsApp ma yana sa kibiya biyu a kan saƙon da ya bi hannaye da yawa, kuma ganinsu kaɗai ya isa ka dakata.

In hoto ne, ka sa shi a Google Lens ko TinEye, su nuna maka inda ya taɓa fitowa. Ruwa ya ci unguwannin bakin kogi a 2020, ya sake yin ɓarna a 2024, don haka tsofaffin hotuna sun yi yawa, masu dawo da su ma haka. Sannan ka buɗe hoton ka duba da kanka. Lambar motocinmu na Nijar tana ɗauke da RN. Allon shago da Faransanci aka rubuta shi ko da Ingilishi? Kakin ɗan sandan irin namu ne? In bidiyo ne, tsayar da shi ka ɗauki hoton allo biyu ko uku, ka bincika su.

Saƙon murya shi ne mai wuyar sha'ani, tunda ba fuska ba suna. Nan kunne zai yi aiki. Hausar Adar daban take da ta Damagaram, balle ta Kano. Wanda ya ce daga tsakiyar Tawa yake magana amma yana ƙirga kuɗi da naira, akwai tambaya a kansa (ban da mutanen Konni da ke bakin iyakar Najeriya, su kam kuɗi biyu suke kashewa). Mai gaskiya yakan faɗi unguwa da lokaci. Mai ƙirƙira kuwa sai salati da "ku tura wa kowa".

Bayan nan ka ji ta bakin ɗaya ɓangaren. An zargi magajin gari? Kira shi. In bai ɗauka ba, ka faɗa wa masu saurare ka kira, da ƙarfe kaza. Adadin mamata kuma ka karɓe shi daga 'yan kwana-kwana, likita ko ofishin gwamna, ka faɗi wanda ya ba ka.

Ko labarin ya tabbata, kada ka sa fuskar gawa ko ta yaro. Bai kamata uwa ta ga mutuwar ɗanta a Facebook kafin dangi su iso ta ba.

Ka tuna da dokar laifukan intanet ta Nijar ta 2019. A 2022 an cire ɗauri kan ɓata suna, a 2024 aka maido da shi. Shafinka na kanka bai fita daga ciki ba, kuma mutane ba sa raba shi da gidan rediyon da kake wa aiki.

In duk da haka ka yi kuskure, kada ka goge a ɓoye, don wani ya riga ya ɗauki hotonsa. Rubuta gyara a inda ka sa na farko, ka faɗi abin da ba daidai ba, sannan ka tura gyaran cikin gurup-gurup ɗin da labarin ya shiga.